Waya mai kibod: ina daɗinta, ina matsalarta

Wannan lacca ce da wani malamin gyaran waya ya yi wa ɗalibansa a Kano, na saurari rikodin ɗin na rubuto, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? Toh madalla, a ɗan sa wayoyi a sailent dan Allah.

Yau kan waya mai kibod zamu yi magana, kuma tun farko a gane, ba rakani-kashi nake nufi ba irin su itel da Nokia 105 masu lambobi goma sha biyu, wannan daban. Ina nufin wadda kowane harafi yake da botin ɗinsa kamar na kwamfuta, musamman waɗanda aka sabunta aka sa musu Android, dan har yanzu kwastoma zai zo shago ya tambaye ku ya saya ko kar ya saya, kuma ya kamata ace kuna da amsa.

Yaran cikinku basu san wahalar da aka sha ba. GSM ya shigo Najeriya 2001, lokacin in kana riƙe da Nokia 3310 zaka rubuta "sannu" sai ka danna bakwai sau huɗu kafin S ta fito, biyu sau ɗaya, shida sau biyu, ka tsaya ka jira ta wuce sannan ka sake shida sau biyu, takwas sau biyu, duk dan gaisuwa kawai. Shi yasa da Nokia E71 ta fito a 2008 da ƙanwarta E63, sai C3 a 2010 mai sauƙin kuɗi, mutane suka rufa musu. Amma wadda ta ci kasuwa da gaske BlackBerry ce, ta kamfanin RIM da ke garin Waterloo a Kanada. Curve 8520, Bold 9700, sai Bold 9900 a 2011 da ta haɗa kibod da sikirin na taɓawa. Lokacin ba a tambayar lamba, bani PIN ɗinka ake cewa, wato lambar da kowace BlackBerry take da ita, ka biya kuɗin BIS na wata, wato intanet ɗin BlackBerry, kai ta fingin a BBM, manhajarsu ta hira, har asuba. Har Obama da ya hau mulkin Amurka a 2009 sai da ya dage a bar masa tasa.

Toh iPhone ta fito 2007, Android ta biyo, su Tecno da Infinix suka cika kasuwannin waya na Farm Centre da Beirut Road, gilashi ya cinye botin. BlackBerry suka yi ta ƙoƙari, Passport da Classic a 2014, Priv a 2015 wadda ita ce ta farko da suka sa wa Android, daga baya suka daina ƙerawa da kansu suka ba kamfanin TCL na Chana lasisi. Su TCL ne suka yi KEYone a 2017 da KEY2 a 2018, kuma waɗannan biyun nake so mu tsaya a kansu dan su ne ainihin sabuntawar.

Me aka ƙara a KEY2? An ƙara girman botin kusan kashi 20 cikin ɗari, RAM ya kai giga 6, kyamarar baya ta zama biyu, an sa wani botin da suke kira Speed Key wanda in ka riƙe shi ka danna harafi sai ka tsallaka wani app ba tare da ka koma gida ba. Kuma duka biyun wajen sa yatsa na buɗe waya a cikin dogon botin nan na sifes yake, kibod ɗin ma yana jin shafa, zaka iya shafa saman botin shafi ya yi ƙasa ya yi sama ba ka taɓa gilashi ba. Kowane harafi kuma zaka iya ɗaura masa aiki, ka danna W WhatsApp ya buɗe, ka riƙe H ta kira Hajiya, har gajerun hanyoyi 52 suke ɗauka, gajeren dannawa da dogo. Wallahi wannan dabara ce mai kyau, ban ga dalilin da yasa za a raina ta ba.

Amma babban daɗin shi ne yatsa yana ji. A gilashi idonka ne yake rubutu, dole ka kalla, ka danna A ta baka S, ga wannan mai gyaran rubutun da bai san Hausa ba, ka rubuta "ina kwana" ya juya maka ita zuwa wani Turancin da baka taɓa ji ba ka tura wa surukinka kafin ka lura. A botin kuwa in hannu ya saba ko kana magana da mutum kana rubutawa, kuma abin da ka danna shi zai fito. Ga zufa, ku da kuka san zafin Afrilu a garin nan kun san yadda gilashi yake haukacewa in yatsa ya jiƙe, botin ba ruwansa. Mai rubutu da yawa, ɗan jarida, sakatare, marubutan nan da suke taifin littafi guda a waya suna turawa guruf, ɗan kasuwa mai lissafi da kwastomomi tun safe har dare, shi zai ji amfanin nan sosai. Batir ma ba laifi, KEYone 3505 mAh ne kuma da yake sikirin ƙarami ne injin ma ba mai shan wuta ba, tana wuni lafiya.

Yanzu mu juyo ɗaya gefen, nan ne ya shafe ku a matsayin masu gyara.

Botin yana cin waje. Sikirin ɗin KEYone da KEY2 inci huɗu da rabi ne, alhali wayoyin da ke aljihunku yanzu sun haura inci shida da rabi. Kuma botin baya tafiya, ko fim kake kallo yana nan, ka juya wayar a kwance ya tsaya maka a gefe ba amfani. TikTok da sitatus duk an yi su ne dan dogon sikirin, a wannan sai ka ga an yanke kan mutum ko rubutun ƙasa ya ɓace.

Sai ƙura. Duk abin da yake motsi yana da rami a gefensa, kuma hunturunmu baya tausayin rami. Ƙura ta shiga, zufa ta bi ta, ya zama kamar kwaɓin ƙasa a ƙarƙashin botin, sai ka danna sau ɗaya harafi ya fito biyu ko ya ƙi fitowa sam. In sifes ya mutu kuma kun tuna me na ce yana cikinsa, wajen yatsa, kaga an yi asara biyu. KEYone ɗin farko ma sun zo da matsalar sikirin yana ɗagowa saboda ba a sa masa gam isasshe ba, sai daga baya kamfanin ya gyara. Toh in na Tecno ne ka leƙa layin gaba ka sayo sikirin ka dawo kafin kwastoma ya gama shan lemo, wannan kuwa sai dai ka nemo matacciya ka cire a jikinta ko ka yi oda daga Chana kai ta jira, mai waya yana zuwa kullum yana maka kallon kamar kai ka ɓata.

Ku lura da wannan kuma. Kibod na ƙarfe da roba an riga an buga haruffa a jikinsa, babu ɗ babu ƙ babu ɓ, yawanci kuma ba na ajami ko Larabci. A gilashi kuwa ka shiga Gboard, kibod ɗin Google, ka zaɓi Hausa duk su fito, ka koma Larabci ka rubuta addu'a ka dawo. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ma da ya saba da jerin Faransanci na AZERTY, in ya sayi mai QWERTY haka zai zauna da ita. Sannan mu faɗi gaskiya, mutanenmu nawa ne ma suke rubutun? Yawanci bois not ne, a danna a riƙe ai ta zuba minti biyar, mai wannan me zai yi da botin talatin da wani abu.

Amma abin da yafi damuna duk ba wannan bane. Waya ba jikinta ne yake fara mutuwa ba, manhajar ciki ce. WhatsApp ya daina aiki a tsohon tsarin BlackBerry ƙarshen 2017, BBM aka rufe shi 31 ga Mayu 2019, ranar 4 ga Janairu 2022 kuma kamfanin ya kashe sabis ɗin tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. TCL suka daina sayar da nasu a Agusta 2020, KEY2 ta tsaya a Android 8.1 ba ta ƙara gaba ba. Ma'ana ba a ƙara toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet suke bi, kuma a hankali app na banki zai fara ce maka wayarka ta tsufa. Kaga mutum ya ɗauko ta fes London yus, ba ko ƙwarzane, ya zuba kuɗi masu yawa, ya sa asusunsa na banki a ciki. Ni dai bazan ba ɗan'uwana wannan shawarar ba.

(Nan wani ɗalibi ya tambaya ko har yanzu ana yin sababbi.)

Ana yi, amma ƙananan kamfanoni ne. Akwai Unihertz na Chana, sun yi Titan a 2019, batir 6000 mAh amma nauyinta ya kai giram 300, in ka sa a aljihun gaba sai rigar ta karkace, daga baya suka yi Titan Pocket da Titan Slim. Akwai kuma Clicks da ya fito 2024, shi ba waya bane, kes ne mai botin a ƙasa da kake zura iPhone a ciki, in ka gaji ka zare abinka, sai dai wayar tana ƙara tsawo sosai. Su ma matsalar kayan gyaran tana nan, bana jin zaka zaga Farm Centre ka samu kibod ɗin Titan a kan tebur.

Dan haka in Alhaji ya zo ya ce yana kewar BlackBerry ɗinsa, kar ku yi masa dariya, ku tambaye shi ranka ya daɗe me kake yi da waya. In rubutu ne aikinsa kuma yana da wata babbar da yake harkar banki da ita, ya saya ya riƙe ta biyu, ku dai gwada masa kowane botin ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, ku duba wane Android ne a ciki, ku duba batir bai kumbura ba dan ta daɗe a ajiye. In kuwa ita kaɗai zai riƙe ku nuna masa wata.

Wa yake da wata tambayar? Kai mai jar hula, ɗaga murya bana jinka.

(Daga nan aka kira sallar la'asar, rikodin ɗin ya tsaya.)