Daga bakin tekun Holand zuwa Gulbin Rima

Assalamu alaikum Sakkwatawa, mutanen Birnin Shehu, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau ina Hoek van Holland ne, inda ruwan kogin Rhine ke faɗawa teku bayan ya ratsa Rotterdam.

Ku dubi ruwan nan. Akwai dalma a cikinsa, akwai tutiya, akwai wani ƙarfe mai guba da ake ce wa kadmiyom, amma ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar gero ɗaya a cikin tankar ruwa. Karatuna shi ne bin sawunsu da kwamfuta. Muna yanka bakin tekun nan gida-gida a taswira, mu ba kwamfuta ƙarfin igiya, da yawan gishiri, da laka, da cikowar teku da janyewarsa sau biyu a rana, ita kuma ta lissafa inda kowane ƙarfe zai nufa. Manhajar ana ce mata Delft3D, a garin Delft aka ƙirƙiro ta.

Abin da ya fi ɗaure min kai, kowane ƙarfe da halinsa. Dalma maƙalewa take yi a jikin laka, inda laka ta kwanta nan take kwanciya. Kadmiyom kuwa, da ya ji gishiri sai ya saki lakar ya narke, ya bi ruwa. In ka ba su lissafi ɗaya, ka ɓata aikin tun daga tushe. Kuma kome kyan taswira, sai an shiga jirgi an ɗebo ruwa an auna kafin a yarda da ita.

Can tsallake akwai Slufter, ƙaton ramin da aka buɗe a 1987 don zuba gurɓatacciyar lakar da ake yashewa daga tashar jirage.

Yanzu wani zai ce, mu ina ruwanmu da teku? Ba mu manta 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinari. Gulbin Zamfara ta Anka yake bi, ya haɗe da Gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi, su tafi kogin Neja. Duk damina ambaliya na shimfiɗa sabuwar laka a fadama, inda ake noman shinkafa da albasa. Lissafin nan ba sai da gishiri yake aiki ba. Burina in na dawo, mu zauna da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mu fara da auna lakar Rima, daga Goronyo zuwa Argungu.