Amsoshin Tambayoyinku: Zangon Matafiya a Tsaunukan Alps

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani mai sauraronmu a Damagaram, wanda ya ji labarin wani gida can ƙololuwar tsaunukan Turai da ake cewa ba a rufe ƙofarsa, yana neman sanin inda yake da dalilin gina shi.

To Malam, gidan yana mashigin Grand Saint Bernard, a kan iyakar Suwizalan da Italiya, inda tudun ya kai mita 2,469 sama da teku. Wani limamin Kirista mai suna Bernard ne ya kafa shi wajen shekarar 1050, domin fatake da masu ziyarar ibada zuwa Rum, waɗanda sanyi da 'yan fashi suke halakawa a wannan hanya. Zango ne sosai, kuma har yau limamai ne ke riƙe da shi, suna ba baƙo abinci da makwanci ba tare da duba addininsa ba.

Wurin ba shi da sauƙi ko kaɗan. Babu bishiya, sai duwatsu da wani ɗan tafki a gindin ginin, wanda yakan daskare tsawon watanni. Daga wajen Oktoba zuwa farkon Yuni dusar ƙanƙara takan toshe hanyar mota, sai dai a hau da ƙafa ko da katakon zamiya. Ta nan shugaban Faransa Napoleon ya ratsa da sojoji kimanin 40,000 a watan Mayun 1800.

Abin da ya fi fito da sunan gidan shi ne karnukansa masu ƙirar maraƙi, waɗanda a da suke shinshino mutumin da ƙanƙara ta binne, suna kuma buɗa hanya da ƙirjinsu. Wani daga cikinsu, Barry, wanda ya mutu a 1814, an ce ya ceci mutum kusan 40, kuma gawarsa tana nan a gidan tarihi na Bern, babban birnin Suwizalan. Amma a ganinmu yabon ya fi dacewa da mutanen da suke fita cikin guguwa neman wanda ba su taɓa gani ba. Tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse a 1964 motoci suka daina dogara da mashigin, sai dai masu tattaki suna nan suna kwana a gidan, rani da hunturu.