Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Hakeem Olajuwon

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, babban baƙonmu, a madadin masu horar da ƙwallon kwando da yaran da suka cika wannan fili, muna yi maka barka da zuwa. Sannu da hanya.

Jama'a, a Legas aka haifi baƙon nan namu a 1963. Tsaron gida ya fara yi a ƙwallon ƙafa, ya buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya shiga ƙwallon kwando. Daga Jami'ar Houston, ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995. A 1994 ɗin ya haɗa kyauta uku a kaka guda: gwarzon gasa, gwarzon tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe. Ƙwallo 3,830 ya kaɗe a hanyar kwando, har yau babu wanda ya kamo shi.

Amma abin da muka fi koya daga gare ka, ranka ya daɗe, aikin ƙafa ne, wanda Amurkawa suka sa wa suna Dream Shake. Kana karɓar ƙwallo bayanka na ga kwando, ka dira da ƙafa biyu lokaci ɗaya, don haka kowace ƙafa za ta iya zama wadda za ka kafe ka juya a kanta. Sai ka karkata kafaɗa dama, mai tsaro ya bi, ka juya hagu. In ya dawo, ka ɗaga ƙwallo kamar za ka jefa. Yana tashi sama, ka kutsa ta ƙarƙashin hannunsa. David Robinson, ɗan wasan ƙungiyar San Antonio Spurs, ya sha wannan a 1995, alhali shi ne gwarzon shekarar.

A nan yaranmu ke kuskure. Suna dira da ƙafa ɗaya, zaɓi ya ƙare. Suna ɗaga ƙafar da suka kafe kafin ƙwallo ta bar hannu zuwa ƙasa, alƙali ya busa. Wasu kuma da kai kawai suke yaudara, kafaɗa da ƙugu na tsaye, mai tsaro ko gezau. A tsaro ma suna riga mai jifa tsalle, kai kuwa kana jira sai ƙafarsa ta bar ƙasa.

Ba mu manta ba, a Fabrairun 1995 kana azumin Ramadan aka zaɓe ka gwarzon wata. Iyayen yaran nan sun riƙe wannan.

Manyan 'yan wasa Kobe Bryant da LeBron James sun je har wurinka ɗaukar darasi. Roƙonmu, in ka huta, ka shiga fili ka nuna wa yaranmu dirar nan ta ƙafa biyu da juyin farko, a hankali, su gani da idonsu. Allah ya ƙara lafiya, ya mai da kai gida lafiya.