"Na danna, bai fita ba!": firem 13 da suka jawo wa fad duka

[Bidiyon da ke yawo, da sautinsa]

"Wallahi wagga fad ta mutu! Na danna, Yaya, na danna!"

To, tsayar da shi nan.

Kun gan shi, na gan shi. Har gwaggona da ba ta san Tekken daga tukunya ba sai da ta turo min shi a WhatsApp, wai in duba ko yaron ɗan unguwarmu ne. Shagon gem ne a nan Gusau, janareta na ruri a baya, yara sun cika benci, waɗanda ba su da kuɗin wasa suna tsaye suna ba da shawara kyauta. Yaro ya sha kashi, ya maka fad, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu, da ƙasa. Tun ranar mutane suka rabu. Wasu sun ce mai shago ne ya ba shi matacciyar fad. Wasu sun ce gem ɗin ne ke son kai. Akwai wanda ya rubuta cewa abokin karawar ya zo da laya, kuma daga yadda ya rubuta ba wasa yake ba.

Na kalli bidiyon nan a hankali ya fi sau 20. Yaron bai yi ƙarya ba, ya danna. Fad ɗin ma lafiyarta ƙalau, aƙalla kafin ta haɗu da siminti.

Abu ɗaya da sauri. Gem ɗin faɗa, Tekken ne ko Street Fighter ko Mortal Kombat, hoto 60 yake zanawa a cikin sakan ɗaya. Kowane hoto guda 'yan wasa na ce masa firem. Shi ne mudun da za mu yi awo da shi yau. Ƙiftawar idonka ɗaya ta cinye firem da dama, ka riƙe wannan kawai.

[Filin dambe, an rage gudun hoton]

Bar gem tukuna. Ku dubi wannan ɗan damben. Ya ɗauko hannun da aka ɗaure tun daga baya. Ga shi ya taho. Ya iso inda zai sauka... ya sari iska. Yanzu ku bar kallon hannun, ku dubi sauran jikin. Kafaɗa ta wuce, ƙafa ta bi ta, hannun kariya ya sauka, fuska a buɗe kamar ƙofar kasuwa ranar ci. Yana son ya kare kansa? Sosai ma. Zuciyarsa ta riga ta ba da umarni. Jikin ne bai dawo ba. Duk wanda ya taɓa zama gidan dambe ya san a wannan ɗan tsakanin ake kisa, kuma ban taɓa jin ɗan dambe ya tashi daga ƙasa yana kakkaɓe jiki yana cewa hannunsa ne ya mutu ba.

Gem ma haka yake. Akwai ɗaukowa, akwai saukarwa, akwai janye hannu. Bambancin kawai shi gem ya ƙidaya kowanne, ya rubuta, ba ya kuma yafewa. Biyun farko kowa ya gane su, don ido na ganinsu. Na ukun ne ya jawo wa fad duka.

[Komawa bidiyon shagon, firem bayan firem]

Mu tafi a hankali. Ga yaronmu a hagu. Ya saki shurin tsalle, wanda duk ɗan Tekken ke ƙauna, don in ya samu mutum yakan ɗaga shi sama, sai ka yi ta jera masa duka kafin ya taɓa ƙasa. A wurin yawancin 'yan faɗan gem ɗin, shurin nan na ɗaukar firem 15 kafin ya sauka. Ya sauka. Amma na dama ya tare.

Tsaya. Nan ne wurin.

A wannan hoton da ke gabanku, su biyun duk a ɗaure suke. Wanda ya tare yana ɗaure, don ƙarfin shurin ya girgiza shi. Wanda ya yi shurin ma yana ɗaure, don ƙafarsa na sama, sai ta dawo ƙasa. Ba wanda zai iya motsi. Tambayar ita ce wa za a fara kwancewa. A wannan shurin, mai tarewa ake fara kwancewa, da tazarar firem 13. 'Yan wasa kan ce shurin ya bar ka da bashin 13.

Yanzu lissafin 'yan aji uku. Naushin da ya fi sauri a Tekken, ɗan ƙaramin nan na hannun hagu, firem 10 yake ɗauka. An ba mutum 13, 10 kawai yake buƙata. Har canjin 3 ya rage masa.

Mu ƙidaya tare, ku sa ido a kan babban yatsan yaron a ƙasan allo. Ɗaya, biyu, uku... ga shi ya danna. Biyar, shida... ya sake dannawa. Takwas, tara... yanzu da ƙarfi yake dannawa, har harshe ya fito. Goma. Tas, a fuska.

Gem ɗin ya ji dannawar nan sarai. Ƙin karɓa ya yi. Kamar ka je wa mai shago da sabon bashi alhali na jiya na nan a littafi: ya ji ka, ba kurma ba ne, amma ba zai miƙo ba. A cikin waɗannan firem ɗin ba naushi, ba shuri, ba gudu. Ko tarewa ba za ka iya ba. Da a ce fad ɗin zinari aka kawo wa yaron nan daga Japan a cikin kwalinta, naushin nan sai ya sha shi.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne wani lokacin dannawar kan fita. Dalili, a dab da ƙarshen janyewa gem yakan buɗe wata 'yar taga, in dannawarka ta faɗa ciki sai ya ajiye maka ita, ya sake ta da zarar an kwance ka. Mai danne-danne ba ji ba gani yakan dace da tagar nan jefi-jefi. Ranar da ya dace, shi gwani ne. Ranar da bai dace ba, fad ta mutu.

Akwai ƙanwar wannan rigima, wadda na tabbata kun taɓa yi: "Ai tare muka danna, don me nasa ya fita?" Mayar da bidiyon baya kaɗan, zagayen farko. Na dama ya jefa ƙaramin naushi, yaronmu ya tare. Ya ji daɗi, a ransa yanzu layinsa ne. Amma shi wannan ƙaramin naushin, ko an tare shi, mai jefawar ne ke gaba da firem 1. Ɗaya tak. Sun danna tare, naushi iri ɗaya, firem 10 da firem 10, amma ɗaya ya baro gida kafin ɗaya. Kashi 1 cikin 60 na sakan. A kan wannan ne abokai suka yi kwana uku ba sa gaisawa.

Kada wani ya ce to ai sai ka sa ido. Ba a ganinsa. Matsakaicin mutum na ɗaukar kusan rubu'in sakan daga ganin abu zuwa motsa yatsa, wato wajen firem 15. Naushi mai firem 10 ya riga ya sauka kafin saƙon ido ya kai hannu. Gwanayen da kuke kallo ba idon shaho gare su ba. Sun haddace ne wane duka ke barin bashin nawa, sai hannu ya riƙa karɓar bashin da kansa. Arslan Ash, ɗan Pakistan da ya ci babbar gasar gem ɗin faɗa mai suna Evo, ta Japan da ta Amurka, duk a 2019 a Tekken 7, a shagunan gem na Lahore ya yi wayo. Ina faɗar wannan ne saboda masu raina shagon unguwa.

[Hotunan duka iri-iri, a jere da sauri]

To don me masu ƙera gem suka ɗora mana wannan wahala? Ra'ayina ke nan, wanda bai yarda ba ga wurin sharhi can ƙasa. Daɗin da kake ji in ka kirɓa wa mutum babban naushi, wanda ke sa ka miƙe tsaye daga benci, daga nan yake fitowa. Allo ba shi da nauyi, fad ba ta kai rabin bulo ba, amma kana jin wani naushin ya fi wani nauyi. Da lokaci suke yaudararka. Babban duka yakan daɗe kafin ya taho. In ya sauka, a gem irin su Street Fighter, sai a daskarar da 'yan faɗan biyu na 'yan firem, kamar hannu ya nutse a jiki, a haɗa da ƙara da girgizar allo. Ku duba, ga shi da daskarewar. Ga shi kuma na cire ta. Kun ji? Na biyun kamar ana korar ƙuda. Sannan sai janyewa mai tsawo, jiki na dawowa a hankali kamar wanda ya sauke buhun gero. Cire wannan janyewar, kowa zai yi ta sakin babban duka ba tsoro, kuma duka ba tsoro ba shi da ɗanɗano. Abin da ya sa yaron nan ya so shurin tsalle shi ne dai abin da ya ɗaure shi.

Wani abin dariya, jerin dukan da muke taƙama da shi ma daga nan ya samo asali. A Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991, an sassauta yadda gem ke karɓar dannawa don dukan musamman ya yi sauƙin fita. Sai aka tarar mutum na iya yanke janyewar wani naushi ya zarce da dukan musamman kafin abokin karawa ya farfaɗo. Ba da gangan aka yi ba, aka bar shi, ya zama ginshiƙin gem ɗin faɗa har yau. Wato ana iya tsallake bashin, amma ta ƙofofin da gem ya yarda kawai, ba da ƙarfin yatsa ba.

Ni ma fa ba waliyyi ba ne. Zamanin Tekken 3 a PlayStation ta farko, a wani shago a Tudun Wada, ɗan faɗan nan Eddy nake ɗauka in rufe ido in yi ta dannan maɓallan ƙafa biyu, yana ta juyi kamar guguwa. Na ɗauka ni ne sarkin unguwa, har ranar da wani bawan Allah mai rigar makaranta ya zauna ya tare, ya tare, ya jira na gama rawata, ya mare ni. Turmi uku a jere. Ni ma fad na zarga. Allah dai ya rufa asiri lokacin ba waya mai kyamara.

Yaushe ne laifin kaya da gaske? Yana faruwa. Wasu talabijin kan tsaya gyara hoto kafin su nuna shi, sai komai ya makara. Ku shiga saiti ku kunna yanayin gem. Maɓalli kan cinye. Wasan intanet kuma, da irin sabis ɗinmu, wannan labarin wata rana ne. Gwajin mai sauƙi ne: shiga wurin atisaye, tsaya ba mai dukanka, danna sau 20. In ya fita sau 20, ka nemi gafarar mai shago.

[Allon atisaye]

A wurin atisayen nan ma ba sai ka yi ƙidaya da baki kamar ni ba. Street Fighter 6 na 2023 yana shimfiɗa maka layin firem a ƙasan allo da launi: kore ɗaukowa, ja saukarwa, shuɗi janyewa. Ku dubi tsawon shuɗin nan bayan babban naushin sama da aka tare. Kamar layin mai. Tekken 8 ma yana nuna lambobin kyauta. A Tekken 7 kuwa sai da aka sayar wa mutane wannan lissafin da kuɗi daban, abin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Shekaranjiya na je wani shago na gwada da wani yaro mai irin wannan ciwon. Na ce masa, ƙanena, in an tare maka shurin nan, cire yatsa daga maɓalli, ja baya kawai. In abokin wasanka ya san lissafi, ƙaramin naushin za ka sha ko ta yaya, kuma ba ya kisa. In bai sani ba ya makara, ka tare, an wuce wurin. Amma in kana danne-danne, dukanka zai fito daidai lokacin da nasa ke sauka, gem kuma ya fi hukunta wanda aka kama yana tsakiyar ɗauko hannu.

Ku gan shi nan. Shuri, an tare. Ku dubi yatsan, yana rawa a saman maɓalli kamar mai azumi a gaban randa. Bai danna ba. Ya tare na farko, ya tare na biyu. Ya juyo ya dube ni.

"Yaya, to in ban danna ba, mi zan yi da hannuna?"

Kafin in ba shi amsa man janareta ya ƙare.