Tsoho Bill Williams: mai wa'azi, mai ɗana tarko, magidanci

Jama'a barkanmu da warhaka, yau za mu leƙa Amurka ne ta shekaru ɗari biyu da suka wuce mu tuna da wani mutum da ake kira Tsoho Bill Williams, sunansa na yanka William Sherley Williams, an haife shi a 1787 a jihar North Carolina, yana ɗan yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa kusa da St. Louis a yankin Missouri, wanda a lokacin nan ne bakin iyakar inda turawa suka kai.

Tun yana saurayi ya zama mai wa'azin addinin Kirista, irin masu hawa doki suna bi ƙauye ƙauye. Daga nan sai ya ce bari ya je ya yi wa ƙabilar Osage wa'azi, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan turawa. To a nan labarin ya juya, don shi da ya je da niyyar ya canza su, ƙarshenta su suka canza shi. Ya koyi yarensu kamar a bakin uwa ya tsotsa, ya koyi farautarsu, ya auri 'yarsu suka haifi 'ya'ya mata biyu, Mary Ann da Sarah, ya zauna shekara da shekaru a cikinsu yana magidanci kamar kowa. Ni a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi daɗi a rayuwarsa, kuma shi aka fi mantawa, kowa labarin daji yake so ya ji. Da wasu masu mishan suka zo daga baya shi ya riƙa yi musu tafinta yana taya su juya karatun addini zuwa yaren Osage, kuma a 1825 ya yi wa ayarin gwamnati masu auna hanyar fatake ta Santa Fe tafinta.

Matarsa ta rasu, daga nan kuwa zaman gida ya ƙare, ya nausa duwatsun Rocky ya koma sana'ar tarko.

Me suke kamawa? Wata dabbar ruwa ce da ake kira biba, kamar ƙatuwar gafiya mai faffaɗan wutsiya, tana sare itatuwa da haƙori ta datse rafi. Gashinta ake so, da shi ake yin hulunan manyan mutane a Turai, kuɗi ne sosai a lokacin. Yadda suke yi, mutum zai shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara ya ɗana tarkon ƙarfe a ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, ya ɗaure sarƙar a jikin turke, sannan ya kafa ɗan tsinke a sama ya shafa masa wani mai mai wari da ake cirowa daga jikin dabbar kanta, tana jin warin sai ta zo sunsuna, tarko ya damƙe ƙafa, ta ja cikin ruwa ta nutse. Aikin sai lokacin sanyi sanyi da gashin ya yi kauri. Yawancinsu ayari suke tafiya saboda tsaro amma shi Bill an san shi da tafiya shi kaɗai, ya ɓace wata da watanni sai dai a gan shi da lodin fatu. Ba waliyyi ba ne fa, ana danganta shi da satar dawakai a Kalifoniya lokacin da kasuwar fata ta faɗi don turawa sun koma hular siliki.

A ƙarshen 1848 wani mai binciken ƙasa, John C. Frémont, ya ɗauke shi jagora, yana neman hanyar da jirgin ƙasa zai bi ya tsallake duwatsu, kuma wai a tsakiyar hunturu. Suka maƙale a duwatsun San Juan, dusar ƙanƙara ta rufe su, alfadarai suka mutu kaf, mutum 10 suka rasu da yunwa da sanyi. Frémont ya ɗora wa Bill laifin, har yau masana tarihi na jayayya, amma fisabilillahi wa ya nace a shiga dutse a wannan lokacin bayan mutanen wurin sun yi gargaɗi?

Bill ya tsira ya kai garin Taos a New Mexico. A watan Maris na 1849 ya koma tare da likita Benjamin Kern ɗauko kayan da aka bari, 'yan ƙabilar Ute suka kashe su, Bill yana da shekara 62. A jihar Arizona akwai gari da kogi da dutse duk da sunansa, kuma daga garin Williams ɗin ne jirgin ƙasa ke kwasar masu yawon buɗe ido zuwa shahararren kwazazzabon nan na Grand Canyon.