Kicin da ya zama gidan tarihi: lacca kan masu ceton rai na Pea Island

An rubuta wannan daga faifan laccar, an cire gaishe-gaishen farko da tambayoyin ƙarshe.

To jama'a, bari mu shiga magana. A garin Manteo, kan tsibirin Roanoke a jihar North Carolina ta Amurka, akwai wani ɗan gidan katako da bai fi shagon tireda girma ba. Asalinsa kicin ne, inda ake dafa wa ma'aikatan tashar ceto ta Pea Island abinci. An rufe tashar a 1947, daga baya aka ɗauko kicin ɗin sukutum aka kawo shi cikin gari, aka mayar da shi gidan tarihi. Kayan ciki ba su da yawa: hotuna, takardu, da kayan aikin mutanen da suka ci tuwo a wurin.

Mu da muka tashi nesa da teku, sai an ɗan yi mana bayani. Gaɓar wannan yanki jerin tsibirai ne na yashi, sirara, kuma yashin ƙarƙashin ruwa yana ƙaura daga nan zuwa can. Jiragen da suka nutse a wurin sun yi yawa har ake kiransa maƙabartar tekun Atlantika. A Nuwamban 1877 jirgin yaƙin Amurka mai suna Huron ya kife kusa da Nags Head, mutum 98 suka mutu, ga tashar ceto nan kusa amma a kulle, wai lokacin buɗe ta bai yi ba. Wata biyu bayan nan wani jirgin mai suna Metropolis ya bi sahu. Surutun jama'a ya sa a 1878 aka tsayar da hukumar ceto mai zaman kanta, aka fara tankaɗe da rairaya, domin wasu shugabannin tashoshin da hanya suka samu aikin.

A wannan gyaran ne aka naɗa Richard Etheridge shugaban Pea Island a 1880. An haife shi bawa a 1842, ya koyi karatu da rubutu a zamanin da doka ta hana koya wa bayi, ya yi soja a yaƙin basasa. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami. Turawa ba su yarda su zauna ƙarƙashinsa ba, sai aka tattaro masa baƙaƙen ma'aikata daga tashoshin maƙwabta. Ba a yi wata shida ba tashar ta ƙone ƙurmus, ana zargin da gangan aka cinna wutar. Ya sake gina ta. Ya san ana jiran kuskurensa guda ɗaya, don haka atisaye ya zame wa mutanensa kamar cin abinci.

Aikin kansa fa? Da dare mutum zai yi sintiri a ƙafa a bakin ruwa da fitila, har ya haɗu da na tashar gaba su yi musayar wani ɗan ƙarfe, shaidar cewa kowa ya kai iyakarsa, ba ya laɓe bayan tudun yashi ya yi barci ba. Idan jirgi ya maƙale, ko a fita da kwalekwale, ko a harba igiya da wata 'yar igwa ta faɗa kan jirgin, a ɗaure, a riƙa jawo mutane ɗaya bayan ɗaya cikin wani abu mai kama da gajeren wando da aka ɗinka a jikin zoben iyo.

Yanzu ku saurari abin da ya faru daren 11 ga Oktoba, 1896. Guguwa ta yi ƙarfin da Etheridge da kansa ya dakatar da sintiri. Ɗaya daga cikin mutanensa, Theodore Meekins, yana gadi a saman tashar, ya hango wani ɗan haske. Jirgin E.S. Newman ne, da mutum tara a ciki, har da matar kyaftin da ɗansu ƙarami. Suka ɗaura alfadarai suka ja kaya har wurin, suka tarar ruwa ya cinye gaɓar, babu busasshen wurin da za a kafa igwa, kwalekwale kuma ba ya shiguwa. Duk dabarun da suka yi shekaru suna koyo, ranar babu mai amfani.

Sai Etheridge ya sa aka ɗaure mutum biyu da igiya guda, sauran suka riƙe bakinta a tudu. Suka faɗa cikin raƙuman ruwan nan da iyo, cikin duhu, har suka kai jirgin suka ɗauko mutum. Su dawo, a canza wasu biyu, a koma. Haka aka yi ta yi har aka fito da duka taran da ransu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wancan zamani ana ba turawa lambar yabo kan aikin da bai kai wannan ba, su kuwa ko sannu ta hukuma ba su samu ba. Etheridge ya rasu a 1900 yana kan aiki. Sai a 1996, kusan shekara ɗari bayan wancan daren, rundunar tsaron gaɓar teku ta ba su lambar zinariya ta ceton rai, jikoki da tattaɓa-kunne suka karɓa. A 2012 kuma aka ƙaddamar da jirgin sintiri mai sunansa.

Wanda Allah ya kai shi Manteo, bayan ya ga kicin ɗin, ya ƙarasa gidan kifaye na jihar da ke kan tsibirin. Kabarin Etheridge yana nan cikin harabar, tare da na iyalinsa.