Kai Wuta ta Kebul ɗin Intanet: Lacca ga Masu Haɗa Kyamara da Wi-Fi

Assalamu alaikum. Malamai, iyayen gida, da ƙannena masu koyon wannan sana'a, barkanmu da war haka.

In kuka fere kebul ɗin intanet za ku tarar da wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. A da bayanai kaɗai suke ɗauka. Yau su ne kuma ke kai wuta ga kyamarar tsaro, da tarhon ofis, da na'urar Wi-Fi da ake maƙalawa a silin. Shi ne PoE da kuke ji a bakin ogoginku. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa masa ƙa'ida a 2003, 802.3af: kowace kafar suwic, wato akwatin da ake jona duk kebul ɗin a jikinsa, tana iya fitar da wat 15.4, amma 12.95 ne na'ura za ta dogara da shi, saura ya zube a hanya. A 2009 aka ɗaga zuwa wat 30, a 2018 har 90.

To, ga inda ake yawan faɗawa. Mutum ya ga suwic mai kafa takwas, sai ya ɗauka kyamara takwas zai ɗauke. A'a. Ku juya kwalin, ku nemi jimillar wutar da suwic ɗin ke iya bayarwa gaba ɗaya. A ce an rubuta wat 60. Kyamarorinku kuwa kowace tana jan wat 10 in ta kunna fitilunta na gani cikin duhu. Takwas sau goma nawa? Tamanin. Da rana komai lafiya lau, Alhaji ya duba allo, ya ji daɗi, ya biya. Ana kiran Magariba fitilu su kama, sai kyamarori su fara ɗaukewa, daidai lokacin da aka saye su dominsa. Wannan amanar gidan mutum ce, jama'a. Ku yi lissafi da cin wutar dare, ku kuma bar rara.

Sai kebul. Akwai mai araha a kasuwa wanda cikinsa alminiyam ne, an shafe shi da jan ƙarfe. Ku kankare waya ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana, ku ajiye musu kayansu. Yana ɗaukar zafi, wuta na raguwa kafin ta kai, ga saurin karyewa a bakin kan da aka matse. Ko da na jan ƙarfe zalla ne, kada tsawo ya wuce mita 100.

Suwic mai bin ƙa'ida ba ya sakin wuta sai ya fara gwada na'urar da 'yar ƙaramar wuta, ya tabbatar tana buƙata, sannan ya turo tsakanin bolt 44 da 57. Shi ya sa za ku jona kwamfuta ba abin da zai same ta. Amma ƙananan injektocin bolt 24, wato 'yan akwatunan da ke cusa wuta a cikin kebul, da ke zuwa da wasu rediyoyin intanet na kan hasumiya ba sa tambaya. Kuna jonawa wuta ta tafi. Ku manna musu takarda, kada yaro ya haɗa su da abin da ba nasu ba.

Mu da wuta ba ta zama mana, ribar PoE babba ce: suwic ɗaya za ku ɗora a kan inbata, duk kyamarori su rayu. Sai dai wat 80 na awa goma wat-awa 800 ne, ban da cin suwic ɗin da na na'urar naɗar hoto. Da wannan adadin za ku je wurin mai batir.